Matar da ta zo daga tsibirai

A gidanmu na unguwar Nuzla labarin asalinmu guda ɗaya ne, kuma kowa ya haddace shi. Kakannin kakanninmu sun taso daga ƙasar Kano a ƙafa, sun yi shekaru suna noma a Sudan, suka haye teku, suka yi aikin hajji, ba su koma ba. Da wannan na girma har furfura ta fito mini.

'Yar ƙanwata ce ta zo da wani ɗan bututu na gwajin asali. Tana jami'a, tana karatun ƙwayoyin halitta, kuma Hausarta ta ji ce kawai, in za ta amsa sai da Larabci. Ta zauna gaban Umma, mahaifiyata, ta ce ta tofa yawu a ciki. Umma ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce duk tsufanta ba a taɓa roƙonta yawu ba. Amma ta tofa.

Bayan wasu makonni yarinyar ta dawo da la'asar, ina kan keken ɗinki. Ta ce, "Khala, zo ki gani," don haka take kirana, wato yayar uwa da Larabci. Ta bayyana mini cewa akwai wani abu a jini da uwa kaɗai ke ba 'ya'yanta, daga uwa zuwa 'ya, ba ya gauraya da na uba. Masana suna gwada shi da na mutanen yau, da na tsofaffin ƙasusuwan da ake tonowa a koguna da kaburbura. Namu, in ji ta, bai bi ta Kano ba. Ya nufi gabas can, tsibiran da mu nan muke kiran mutanensu Jawa.

Na ce injin gwajin ya ruɗe. Umma kuwa ta ajiye kofin shayinta, ta daɗe tana kallon bango.

"Ashe za ta fito," ta ce.

A ranar muka fara jin labarin kakar Umma ta wajen uwa. An tsince ta ne a Balad, tsohuwar unguwar cikin gari, bayan wani hajji, budurwa, zaune a ƙofar gidan da ake saukar da mata marasa kowa. Wasu sun ce ciwo ne ya kashe mutanenta, wasu sun ce sayar da ita aka yi a hanya. Wani Bahaushe mai sayar da ruwa ya aure ta. Ta koyi tuƙa tuwo, ta haifi 'ya'ya, amma bakinta bai taɓa kama Hausa ko Larabci ba sai kalmomin salla. Unguwa ta ɗauke ta bebiya. 'Ya'yanta suka ji kunya, suka daina ambatonta, jikoki suka manta.

"Ni ba ta ɓace mini ba," in ji Umma. "Ina ƙarama, ranar da za ta rasu, ta riƙe hannuna ta yi ta magana tun azahar har la'asar. Magana sosai, da tambaya, da dariya, da kuka. Aka ruga kasuwa aka kirawo wani ɗan Jawa mai sayar da yadi. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce wannan ba yarensu ba ne."

Yarinyar ta ce wa kakarta, "Sitti, ba ki riƙe ko kalma ɗaya ba?"

Ta riƙe guda. Ta faɗe ta a hankali, gaɓa uku, ƙarshenta yana fita ta hanci. Shekara saba'in tana ɗauke da ita, ko mahaifinmu bai taɓa ji ba. Muryar da ta fito ba irin ta Umma ba ce.

Mun nema. Yarinyar ta naɗi kalmar a waya, ta tura wa abokan karatunta 'yan can. Ɗaya ya ce ta yi kama da ruwa, wata ta ce wataƙila sunan ƙauye ne, ko sunan mutum. Umma ta ce halas, wato shi ke nan, a bar ta haka, wataƙila ma ita ce ta lanƙwasa ta da bakin yarinta.

Da azumi ya zo ta sa muka dafa shinkafa da yawa, muka kai masallacin unguwa sadaka. Liman ya tambaye ni sunan mamaciyar don ya sa a addu'a. Na tsaya da tire a hannu, na ce ba mu san sunanta ba. Ya dube ni, ya ce ba komai, Wanda ya halicce ta ya san sunanta, ya ɗaga hannu.

Da na koma gida na tarar da Umma a kan darduma, ta tambaye ni ko abincin ya isa kowa. Na ce ya isa, har an rage.