Malam Raɗa

Mijin yayata malamin aji ɗaya ne a wata makarantar kuɗi da ke bayan garejin gyaran motoci. Tun kafin ya auri Yaya yake riƙe da ajin nan. Abokan aikinsa wasu sun zama shugabanni, wasu sun koma tuƙin haya, shi kuwa yana nan daram a kan kujerarsa mai gurguwar ƙafa, aljihu cike da guntayen alli. Malamai ne suka laƙaba masa Malam Raɗa, kuma wallahi ya ci sunan.

Na taɓa ganin jarrabawarsa ta ƙarshen shekara da idona, ranar da Yaya ta aike ni in kai masa makullin gida. Yara sun yi layi, ɗaya bayan ɗaya suna zuwa gaban allo. Ya nuna rubutu da sanda ya tambayi wani yaro, "Wannan mene ne?" Yaro ya ɗaga kai yana kallon fanka. Sai Malam ya sunkuya, ya kai baki saitin kunnensa, ya ce, "Ba." Yaro ya buɗe murya ya ce, "Ba." Malam ya gyaɗa kai cike da gamsuwa, ya ba shi maki. A lissafi kuwa yatsunsa ke amsawa daga gefen tebur, yaro ya ƙirga kawai. Wanda ya ƙirga ba daidai ba ma ba ya faɗuwa, ai ya kusa.

Da na yi masa tsiya a gida, gyara zama ya yi kamar mai shirin lacca. "Ƙanwata, ke ba ki san yara ba. Ɗan shekara shida ba a karya masa zuciya." Mai makarantar ma ra'ayinsa ke nan, domin uban da aka karya wa ɗansa zuciya makarantar tsallaken titi yake komawa da shi.

Amma babban aikinsa sai ranar hutu. A takardar sakamakon ajinsa ba a rubuta wane ya zo na nawa. Tsayawa yake yi a bakin ƙofa, duk uwa ko uban da ya zo ɗaukar yaro, ya ja shi gefe, ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Naka ne na ɗaya. Amma don Allah ka bar shi a cikinka, ka san halin mutane." Kuma sukan bari. A layinmu kaɗai na san mata uku da suka yi shekaru suna yi wa juna kallon tausayi, kowace na ganin ita ce uwar na ɗaya.

Shi da Yaya sun daɗe ba su samu haihuwa ba, sai daga baya Allah ya ba su mace ɗaya tal. 'Yar Baba yake kiranta, kuma a kanta ba ya ji ba ya gani. Da ta isa shiga makaranta, ya ce ba zai sa ta a ajinsa ba kada a ce ya yi son kai. Da yake aji ɗaya kashi biyu ne a makarantar, ya kai ta ɗaya ajin, wurin wata sabuwar malama. Yana ta alfahari: "Ni na koya mata aiki, hannuna ce." A gida kuwa bai taɓa zaunar da yarinyar ya buɗe mata littafi ba.

Yaya ce ta fara damuwa. Ta ce min yarinyar na rera shafi guda da ka, amma idonta ba ya kan rubutun. Abin ya tsaya min a rai, don ina son yarinyar nan kamar ni na haife ta, kuma ga aji biyu na jiranta.

Ranar hutu da la'asar ina gidan Malam ya shigo riƙe da hannunta, baki har kunne, har da ledar alawa. Ya rufe ƙofar falo, ya rage murya ya ce mana, "Ita ce ta ɗaya."

Na dube shi, na ga da gaske yake. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana dafa wannan ƙarya, yau an zuba masa ya cinye har da suɗe kwano.

Na ce, "Malam, a ina malamar ta gaya maka?"

"A bakin ƙofa."

"Ta ce ka bar shi a cikinka?"

Murmushin ya tsaya masa a fuska, ya rasa inda zai kai shi. Yaya ta ajiye wankin da take ninkewa, ta ce, "Baban 'Yar Baba, gwada ta mana. Ai aikinka ne."

Ya laluba aljihu ya ciro guntun alli. Ya durƙusa a kan siminti, ya rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, irin rubutunsa mai kyau na allo: BABA. Ya ɗauke hannayensa ya ɓoye su a baya.

"'Yar Baba, karanta min wannan."

Yarinya ta dubi ƙasa, ta dubi fanka, ta dubi bakinsa. Ta jira. Da ta ga shiru ya yi yawa, sai ta matso, ta kara kunnenta a bakinsa, ta ce a hankali, "To faɗa mana, Baba. Ba zan gaya wa kowa ba."