Takardar Yaya a Cikin Laya

Yayana ya dawo daga yaƙin Faransa yana jan ƙafa ɗaya, ga mantuwa, kuma ba ya iya zama wuri guda. Daga zaure zuwa bakin kogi, daga can zuwa tashar motocin Dahomi, ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya sake fita. Gidanmu ɗaya a Gaya, zirga-zirgar nan tasa har ciwon kai take sa ni.

Wata rana a biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, tafinta ya karanta masa littafin da hafsansu Bature ya rubuta a kan yaƙin. Kaf littafin babu sunan baƙin soja ko ɗaya, amma sunan karen hafsan yana ciki. Yaya ya shigo gida yana huci. Ya sayi takarda, ya dafa tawada, ya ce zai yi nasa littafin da ajami tun kafin kansa ya ƙarasa zubar da abin da ya rage. Ya rubuta layi uku, ya tashi ya zaga gida, ya dawo ya zauna.

Ni lokacin ko bihim ban sani ba. Duk rubutun da ya yi kama da na allo, a wurina addu'a ce. Mutumin da harsashi ya yi ta kauce masa, me zai rubuta in ba asirin da ya tsare shi ba? Da aka ɗauki ɗana na fari soja, aka ce jibi mota za ta kwashe su zuwa Yamai, na roƙi Yaya ya ba yaron asirin.

Ya ce, "Ke, ba addu'a ba ce, labari ne."

Na ce a raina, rowa dai. Na faki idonsa, na zare takardar da ta fi cika da rubutu, na kai wa baduku ya ɗinke ta laya, na rataya wa ɗana.

Bayan kwana uku na tarar da Yaya yana zazzage jakarsa. Ni ba na iya ɓoye abu, na faɗa masa, har da tsiwa: in shi bai ji tausayin ɗan ƙanwarsa ba, ni na ji.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Sunayen waɗanda muka binne a can ne. Wata biyu na yi ina tattaro su."

Kunya ta kama ni, ga tsoro, na tura ɗana yaƙi da matattu a wuya.

Yaya ya yi ta ƙoƙarin sake rubuta su, ya kamo wannan, wancan ya kuɓuce. Kullum sai ya je tasha ya tambayi direbobi ko sojoji sun fara dawowa.

Bayan shekara biyu yaron ya dawo lafiya lau. Tun bai ajiye kaya ba Yaya ya sa aska ya farke layar. Gumi ya riga ya cinye tawadar, sai baƙin dabbare. Ya daɗe yana kallon takardar, yana motsa baki, sannan ya ninke ta ya miƙo mini.