Gulukos Ɗin Da Na Riƙa Dama Wa Yayata

Edita, ina gaisuwa. A shekarun farko da anka cire Kebbi daga Sakkwato, ni yarinya ce da ta gama sakandare a Yelwa. Na nemi makarantar koyon jinya ban samu ba, sai na kama aikin tsaron wani kemis kusa da kasuwa. Ni kuwa Allah ya yi ni da son karatu. Duk takardar da ke cikin kwalin magani sai na warware ta na karanta, har ƙananan rubutun nan masu sa ido ruwa. Ina da wani tsohon littafin kiwon lafiya marar bango da na saya wurin mai gwanjo, na haddace shi kamar karatun allo. A ƙauyenmu na bakin ruwa wajen Ngaski, Likita ake kirana, rabi wasa rabi gaske, ni ko gasken kawai nake ji.

Yayata tana auren wani masunci, sai da ta shekara huɗu kafin ta samu ciki. Da ya kai wata bakwai aka kawo ta wurin Inna goyon ciki. Ni duk Juma'a nake zuwa gida. Na tarar da ita ba ta rabuwa da bakin randa, ta sha ruwa ta zaga, ta dawo ta sake sha, ga kasala, ko tankaɗe ba ta iyawa. Wata Juma'a ina sauke jakata Inna ta ja hannuna zuwa makewayi, ta nuna mini inda Yaya ke fitsari. Kiyashi ne sunka yi layi, wurin ya yi jajir. Ta ce rabonta da ganin haka tun a kan mahaifiyarta, wadda ciwon suga ya ci wa ƙafa. Ta ce ranar kasuwar Yelwa tana so in raka su asibiti a duba.

Wallahi dariya na yi. Na ce littafina ya faɗa ƙarara, ciwon suga na masu ƙiba ne da tsofaffi, irin alhazan nan masu tumbi. Yaya kuwa siririya ce tun tana ƙarama, kitsen me gare ta? Na ce yawan fitsari ɗa ne ke danne mara, kiyashi kuma sanyin ƙasa suke bi, a bar wahalar da mai ciki a cikin jirgin ruwa. Inna ta daɗe tana dubana.

"To, Likita. Ke da littafinki, ni da idona. Allah ya sa ke ce da gaskiya."

Da ma a nan na tsaya. Satin da ya biyo na zo da gwangwanin garin gulukos daga kemis, wato tsantsar suga, wai maganin kasala. Cokali uku safe, uku yamma, a cikin kunu, ni da kaina na nuna mata. Yaya ta ce in ta sha tana ɗan jin ƙarfi, bayan nan sai jikin ya fi da mutuwa. Na ce to bai isa ba ne, a ƙara. Cikin ya yi ta girma har matan unguwa na tsokanarta da cewa a tanadi zanen goyo biyu. Mijinta in ya kawo kifi sai ya ce ai ƙanwarsa Likita ce ke kiwon matarsa, ni kuma kaina ya ƙara fashewa.

Naƙuda ta tashi bayan asuba. Ungozoma ta yi iya yinta, har azahar shiru. Sai ta fito ta ce wa Inna wannan ba aikinta ba ne, sai asibiti. Damina ce, hanyar mota ta yanke, dole munka shiga jirgi mai inji. Yaya na kwance kan tabarma a tsakiya, kanta kan cinyata, leɓenta ya bushe, tana roƙon ruwa. Kogi ya cika, iska na kaɗa mu, mijinta na ta ce wa mai jirgi ya ƙara wuta. Inna kuwa carbinta kawai take ja. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A asibiti wata ma'aikaciya ta gwada fitsarin Yaya, ta dubi abin gwajin, ta dube mu. Ta tambayi katin awo, babu. Ta tambayi abin da take ci, Inna ta fara lissafa tuwo da kifi, ta tsallake gulukos ɗin don ta rufa mini asiri. Ni na buɗe baki na faɗa. Matar ba ta yi mini faɗa ba, ta dai tambaye ni wata nawa, na ce biyu, ta juya da sauri ta shige. Muna tsaye a baranda muna jin ana kiran likita. Daga baya anka gaya mana kan ɗan ya fito, kafaɗa ta maƙale saboda girmansa. Da ƙyar anka ciro shi, kuma ya daɗe bai yi kuka ba. Ya rayu, Yaya ta rayu, amma hannunsa na hagu lilo yake yi, jijiyar kafaɗar ta taɓu.

Likitan ne ya zaunar da ni, ya ce akwai sugan da ciki ke tayarwa, sau da yawa ya tafi bayan haihuwa, kuma siririya ma tana yi. Sugan da ya yi yawa a jinin uwa shi ɗan ke sha har ya yi girman da ya fi ƙarfin ƙugu. Tun ranar ban bar tambaya da karatu ba, kuma abin da na gano ya ba ni mamaki ƙwarai. Ashe kitsen jiki ba ajiya ba ne kamar man shanu a ƙwarya. Aiki yake yi, yana aika saƙo cikin jini, yana da hannu a yadda jiki ke sarrafa suga. Kuma akwai ƙwayoyin gado a cikinsa, waɗanda mutum ya ɗauko daga iyaye da kakanni, wasu na aiki, wasu na kwance, ciki kuma na iya canza yadda suke aikin. Har yanzu masana na bincike a kai, ni ma ba duka na gane ba, kuma yanzu na iya faɗin hakan. Ni ido na sa na auna kitsen Yaya, alhali abin ba a ido yake ba.

Ina tuna lokacin da yaron ya shekara biyar. Babansa ya sassaƙa masa ɗan ƙaramin abin tuƙi, in ya shiga kwale-kwale a gaɓa da hannu ɗaya yake tuƙawa, sai jirgin ya yi ta juyi wuri ɗaya, yara na dariya, shi ma yana yi. Yaya ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, cewa take haka Allah ya rubuta. Na yarda, amma na san hannun wa ya dama kunun.

'Yan'uwana masu ɗan karatu irina, ku da ake tambaya a gida don kun iya karanta kwalin magani, in abu ya shige muku duhu ku ce ba ku sani ba. Mai ciki, siririya ko mai jiki, in ƙishi da fitsari sun yi mata yawa, musamman in akwai suga a dangi, ku kai ta awo, kar ku ba ta komai daga kanku. Gwajin da anka yi wa Yaya ranar, ina tsaye anka yi shi. Bai kai minti biyar ba.