Ranar da Surukata Ta Karya Dokarta

Shekarun baya, lokacin da nake da cikin ɗana na biyu, akwai wata magana da ta zauna mini a ƙirji kamar dutsen Kagoro. Ni dama Allah ya yi ni da tsoro. Mijina yakan ce da tsoro sana'a ne, da tuni na gina bene a Kafanchan.

'Yata ta fari a ƙauye na haife ta, can wajen Kwoi, a ɗakin surukata. Ba awo, ba gwaji. Sai a ciki na biyu, bayan mun dawo gari, matan zumunta na cocinmu suka matsa mini na fara zuwa awo. A can aka ɗebi jinina. Nas ɗin ta ja ni gefe ta ce, "Madam, jininki negatif ne. Ki kawo maigida mu duba nashi." Nashi ya fito fositif.

Ban yi nisa a makaranta ba, sai na ce ta yi mini dalla-dalla.

"Ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi ki," in ji ta. "Amma in yaro ya ɗauko jinin babansa, naki zai iya ganin nashi kamar baƙo, ya yi faɗa da shi. Akwai allurar da ake yi wa irinku bayan haihuwar fari don kar hakan ya faru. An yi miki?"

Na ce ni ruwan zafi da yaji kawai aka yi mini. Ta yi dariya, sannan ta daina.

"To ki sa ido. In kin haihu kika ga idonsa ko jikinsa ya fara rawaya, kar ki jira kowa. Irin wannan shawarar tana gudu, in ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa."

Da wannan maganar na riƙa kwana ina tashi har na haihu. Namiji ne, ya zo da kuka mai ƙarfi. Aka duba shi, aka sallame mu, aka sake ja mini kunne.

Mama, wato surukata, ta iso daga ƙauye da buhun citta da kaza biyu a ƙarƙashin hammata. Mace ce mai kirki, amma tana da doka ɗaya da ko fasto ba ya taɓawa: jariri ba ya ƙetare bakin ƙofa sai cibiya ta faɗi. Ta rufe taga, ta rataya zani a kai, ta kawo gawayi. Ɗakin ya yi ɗumi, ya yi duhu.

Da safe tana can tana dafa ruwan wanka, na ga yaron yana kama nono yana saki, barci kawai. Na ɗaga zanin tagar kaɗan. Farin idonsa ya koma kamar an ɗiga masa kurkur.

"Mama! Zo ki ga idonsa."

Ta leƙo daga ƙofa, ko kusa ba ta zo ba. "Yaro fari ne. Kakanshi ya ɗauko. Ke kin fara ko?"

"Mama, shawara ce. Nas ta ce in na gani mu koma."

"Shawara kuma yau aka fara? Mijinki ma ya yi. Ruwan ɗanyen gwanda na ba shi, ga shi nan ƙato, har ya aure ki."

Mijina yana tsaye a tsakar gida, yana kallon uwarsa yana kallona, kamar akuyar da aka ɗaure tsakanin turke biyu. Ya ce, "Ko mu ɗan ƙara gani zuwa yamma?" Na gane daga nan ba taimako.

Ni kuwa a raina na san abin da na gani. Gardama da Mama ba ta kai mutum ko'ina. Sai idona ya faɗa kan buhun cittarta. Na sha bin ta kasuwa, na san yadda take sayen busasshiyar citta. Ba ta taɓa yarda da ita a cikin rumfa. Sai ta fito da ita rana, ta karya, ta duba cikinta.

Na durƙusa na ce, "Mama, ke kika koya mini ba a duba citta a inuwa. Wannan yaron naki ne, ba nawa ba. Ki duba shi yadda kike duba citta. In kin ce lafiya, na yi shiru."

Ta harare ni. Amma ta karɓe shi, ta fizge zanin tagar gaba ɗaya. Ta danna masa hanci da yatsa ta saki, wurin ya fito rawaya kamar ɗorawa. Ta buɗe rigarsa, ta danna ƙirji. Haka. Ta danna cinya. Haka.

"Na ubanshi bai sauko nan ba," ta ce a hankali. Sai ta juya ga ɗanta. "Kai! Kana tsaye kamar itace. Nemo mashin!"

Na ce, "Mama, cibiya fa?"

Ta kwance zaninta na sama, ta lulluɓe shi a ƙirjinta har ko yatsa ba a gani. "Waye ya ce ya fita? Yana cikin zanina. Ni ce na fita."

A asibiti aka gwada jininsa, aka cire masa kaya, aka rufe masa ido, aka sa shi ƙarƙashin wata fitila shuɗiya. Likita ya ce mun zo a kan gaɓa, da mun jira yamma wataƙila sai an canza masa jini. Mun yi kwanaki a can. Mama ba ta koma gida ba, tana zaune bakin gadon tana rera waƙoƙin sujada da yarensu, tana yi wa nas-nas faɗa wai sun bar mata miji tsirara.

Yau yaron yana makaranta, bakinsa ya fi nawa kaifi. Mama kuwa duk inda aka haihu a ƙauyensu, ita ce farkon zuwa ta buɗe taga. Dokar cibiya tana nan, ta dai yi mata ƙofa.

Har yanzu ni matsoraciya ce, ban warke ba. Amma na daina jin kunyar abin. Jinina ba mugun jini ba ne, sani kawai yake so.

Don Allah 'yar'uwa, in kina da ciki, ki je awo ki tambayi irin jininki, ki ja maigida a duba nashi. In an ce negatif ne, ki tambayi maganar allurar nan kafin ki bar asibiti. In kuma kin haihu, ki ɗaga labule ki kalli idon jaririnki a hasken rana.