Ranar da na tsaya wa burtali

Ni na fi kowa son wutar sola a ƙauyenmu, kuma ni na kore ta. Har yau akwai masu yi mini gori, ni kuwa ko a jikina.

Lokacin ina aiki a ɗan asibitin garin, can gefen Gwashi. Ba mu da firij. Duk ranar rigakafi sai in hau bayan ɗan kabu-kabu zuwa Bukkuyum, in rungumo kula cike da allurai, muna faɗawa ramuka ina addu'a kada ƙanƙarar ta narke kafin mu iso. To da aka ce wani kamfani zai kafa mana sola, asibiti ya samu firij, har guɗa na yi.

Suka zo da tsakiyar rani. Injiniyansu mutum ne mai fara'a, Hausarsa ta Kano. Ya zagaya ya ga wani fili shimfiɗe a bayan asibiti, ba bishiya ba shuka, itacen shingen nan cinidazugu ya yi masa layi dama da hagu. Ya ce ga kango har da shingensa a shirye. Mai gari ya ga ba gonar kowa ba ce, ya dangwala hannu a takarda. Zama ɗaya aka gama shawara.

Na koma gida ina rawar kai na ba Inna labari. Ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Wane kango? Burtali na. Nan shanu ka bi su tahi gulbi tun ba a haihe ki ba. In anka toshe shi, ta ina za su bi? Ta cikin gero?"

Kunya ta kama ni, don na sani sarai, son firij ne ya rufe mini ido. Da rani Fulanin da muke maƙwabtaka da su kan yi kudu da shanu neman ciyawa, shi ya sa wurin ya zama fayau. Arɗonsu ba ya nan, ba kuma wanda ya ce a jira shi. A shekarun nan kuwa mun ga garuruwan da wutar rikici ta kama su daga kan gona ɗaya da shanu suka tattake.

Ranar da suka zo haƙa ramukan ƙarafa, na fita da rigar aikina na tsaya a tsakiyar filin. Na ce ba a nan ba.

Injiniya ya yi murmushi. "Malama, ke fa ake yi wa aikin nan."

Na ce na gode, amma hanyar shanu ce, a jira arɗo ya dawo a zauna da shi. Ya nuna mini takarda. Na ce shanu ba su iya karatu ba. Mai gari ya aiko a ce mini in bar wurin, mace ba ta tsayawa gaban maza tana ɗaga murya. Na ce a gaya wa Baba mai gari ina gaishe shi, ina nan inda nake. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya yi kwana biyu a gari, bai sha nonon rugar kowa ba, bai tambayi tsohuwa ko ɗaya ba, ya yanke mana yadda za mu zauna da maƙwabtanmu!

Suka kwashe kayansu suka tafi. Aka sa mini suna mai baƙin ciki. Wasu mata suka daina amsa gaisuwata a bakin rijiya. Na koma bayan kabu-kabu da kulata, kuma ba zan ɓoye ba, akwai ranar da ƙanƙara ta narke na zubar da allurai ina kuka, iyaye suka koma da 'ya'yansu haka nan. Ranar na zagi kaina. Washegari na tashi ban canza magana ba.

Da damina ta zauna, ina dawowa daga Bukkuyum sai na tarar da motar kamfanin tsaye a bayan asibiti. Sun dawo duba wurin, shanu sun tare su. Garke bayan garke suke gangarawa gulbi tsakanin layin cinidazugun nan, gero kore shar dama da hagu, ba wanda ya taɓa shi. Injiniya ya kashe mota, ya zuba ido.

Na sauka na leƙa tagarsa.

"Sannu da zuwa, Injiniya. A yi haƙuri, kango ne ke wucewa."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon shanun, sannan ya buɗe ƙofa ya fito cikin taɓo.

"Malama, ina rugar arɗon take?"

Na ce ya bar motar nan, da ƙafa ake zuwa. Amma ya jira in sa allurai a inuwa tukuna.