Ashe Jerinsu Ɗaya da Tafireta

Jama'a, yau saura ƙiris in ajiye aiki da hannuna!

An ce duk wanda bai iya kwamfuta ba a ofishinmu, za a ɗauke shi daga Daura a tura shi ƙauye. Yau aka yi gwajin. Ni kuwa shekara ashirin ina buga tafireta, ko kunna kwamfuta ban iya ba.

Aka kira sunana, na zauna gaban kwamfutar. Mai gwajin, wani jami'i daga Katsina, ya ce, "Hajiya, kama maus." Na ɗaga abin sama kamar rimot! Ɗaki ya kwashe da dariya. Malam Sani mai ajiyar fayil, wanda ya riga ya faɗi gwajin, ya ce, "Hajiya taso, motarmu ɗaya."

Sai jami'in ya miƙo wasiƙa ya ce in buga. Na duba haruffan da ke kan madannan kwamfutar. Ikon Allah! Jerinsu ɗaya da na tafireta! Na saki yatsu, ko kallonsu ba na yi. Kafin ya gyara zama na gama.

Ya karanta, ba kuskure ko ɗaya. Ya ce, "Wa ya ce ba ki iya ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya taɓa nuna mana."

Sai ya ce ba za a tura kowa ba, har su Malam Sani, sai an koya mana tukuna. Alhamdulillahi!

Har na miƙe ya ce, "Amma Hajiya, a rage ƙarfi. Wannan ba ta son duka!"