Kibiyar da ta shiga maƙwabta

Ina tsakiyar buga jawabina na shugaban manoman garin Sara, da hannuna, a shagon Malam Habu da ke Gwaram, sai kibiyar kwamfuta ta zarce gefen allo ta ɓace. Taro kuwa bayan la'asar ne.

Na duba ƙarƙashin tebur cikin natsuwa, ban gan ta ba.

Malam Habu ya kunna allo na biyu da ke kashe, sai ga ta zaune.

"Shugaba, maƙwabta ta shiga," in ji shi.

Na ce, "A Sara, akuyar da ta yi haka turke ake kafa mata."

Ya zare wayar allo na biyun, ya ce, "An kafa." Jawabi ya kammalu, manoma sun tafa.

Ashe na'ura ma sai da turke. Jama'a, da me kuke ɗaure taku?